Jif mai lantarki zalla ko mai haɗa fetur da caji: Wacce ta dace da mutumin Yauri?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mallakar mota ya sauya a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a garuruwa da dama. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar da a da suke fara tambayar dillali kyan jiki da lafiyar inji, yanzu tambayarsu ta farko ita ce: yaya shan manta?

Wannan ne ya sa hankalin masu neman jif ya fara karkata ga motocin da ake yi wa caji. Iri biyu ne suka fi shiga kasuwa: mai amfani da lantarki zalla, da wadda ta haɗa injin fetur da batirin da ake jona wa wuta. Dukansu suna da tsada, kuma kuskure wajen zaɓe yana iya cinye jarin shekaru.

Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, wuri ne da ya dace a auna wannan zaɓi. A bakin tafkin Kainji take, wato ruwan da ke juya injinan tashar lantarki mafi daɗewa a kan Kogin Kwara a Najeriya. A ƙasar Ngaski, a yankin Libata, ana haƙar ma'adinin litiyom, wanda shi ne jigon batirin waɗannan motoci. Duk da haka, mutumin Yelwa ko Wara bai fi na sauran garuruwan Arewa tabbacin samun wuta a soket ɗin gidansa ba, kuma tafiye-tafiyensa masu nisa ne. Abin da ya dace da shi zai haska wa mai saye a Kontagora ko Gusau ko Funtuwa hanya.

Motoci uku da ake rikita sunayensu

Akwai motar haɗaka ta asali, wadda ake kira hayibrid, irin Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997. Tana da ƙaramin batir da ke cika kansa daga inji da kuma taka birki. Ba a jona ta da wuta, kuma fetur kaɗai take sha, sai dai tana tattalinsa.

Ta biyu ita ce hayibrid mai caji. Tana da cikakken injin fetur da tanki, tana kuma da batir matsakaici da ake cikawa daga soket. Idan batirin ya cika, tana tafiyar kilomita 50 zuwa 80 ba tare da inji ya tashi ba. Idan ya ƙare, inji ya karɓi aiki, ta koma kamar hayibrid ta asali. Mitsubishi Outlander mai caji, wadda ta fito a 2013, tana cikin jif na farko a wannan sahu. Toyota RAV4 mai caji tana ɗauke da batir mai cin yunit 18, kuma a ma'aunin Amurka tana yin kimanin kilomita 68 da lantarki kaɗai.

Wannan sahu yana da alaƙa da Kebbi da ba kowa ya sani ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka. Volt, wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 2010, tana cikin motocin farko da suka haɗa caji da fetur.

Ta uku ita ce mai lantarki zalla. Ba ta da inji, ba tanki, ba salansa, ba baƙin mai. Babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta. BYD Atto 3 ta ƙasar Sin tana da batir mai cin yunit 60, kuma a ma'aunin Turai tana yin kilomita 420. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020, tana da batir mai cin yunit 64.

Yunit ɗin da ake magana a nan shi ne wanda mai mitar kati yake saye: kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Wanda ya san yadda yunit ke tafiya a gidansa ya riga ya fahimci rabin lissafin motar lantarki.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da ya taru ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambarin ƙasar Yauri. Injinan da aka girka suna da ƙarfin megawat 760.

Sai dai wutar Kainji ba ta tsayawa a bakin tafki. Tana shiga babban layin ƙasa ne, daga nan a raba wa kamfanonin rarrabawa. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara. Layin kilobolt 330 da ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi shi ne kuma ke kai wuta Jamhuriyar Nijar. Kusanci da madatsa ba ya ba gari fifiko. Abin da ke yanke hukunci shi ne layin da gidanka yake kai, da lafiyar taransfomar unguwarku.

Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya daidaita a kan naira 209.5.

Soket ɗin gida na yau da kullum yana ba mota kimanin yunit 2.3 a awa. Batirin hayibrid mai caji zai cika cikin awa bakwai zuwa takwas, wato dare ɗaya idan wuta ta tsaya. Batir mai cin yunit 60 kuwa, daga ƙasa zuwa sama, yana buƙatar awa 26 ko fiye. Ga gidan da ke samun awa takwas a rana, wannan ya haura kwana uku. Idan aka girka akwatin caji na bango mai kilowat 7, lokacin zai sauko zuwa awa tara ko goma, amma sai wayoyin gidan da mitar sun iya ɗaukar nauyin, sai kuma an yi wa gidan wayar ƙasa mai kyau, domin yawancin na'urorin caji ba sa aiki idan babu ita. Haka nan idan wutar ta zo da rauni, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, na'urar kan yanke cajin don kare motar.

Adalci shi ne a faɗi cewa mai motar lantarki ba kullum yake cika batir daga ƙasa ba. Wanda ke yin kilomita 40 a rana yunit takwas kawai zai mayar, wato aikin awa huɗu. Matsalar tana zuwa ne ranar da wuta ta tafi ba ta dawo ba. A 2024 babban layin ƙasa ya faɗi fiye da sau goma, kuma a watan Oktoban shekarar yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A irin waɗannan kwanaki mai hayibrid zai shiga gidan mai ya ci gaba da harkarsa. Mai lantarki zalla sai ya nemi rana ko janareta.

Lissafin aljihu

Domin sauƙin lissafi, mu ɗauka litar fetur naira 1,000 ce, yunit ɗin wuta kuma naira 210. Mai karatu ya sauya alƙaluman da farashin da ya tarar a garinsa.

Jif mai fetur matsakaiciya tana shan kimanin lita 10 a kilomita 100, wato naira 10,000. Mai lantarki zalla tana cin kimanin yunit 20 a wannan nisa, idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, wato naira 4,200. Hayibrid mai caji tana cin kusan haka idan tana kan batir. Idan batirin ya ƙare tana shan lita 6 zuwa 7, wato kimanin naira 6,500.

A ce mutum yana yin kilomita 1,500 a wata: 1,000 a zirga-zirgar cikin gari da ƙauyukan kusa, 500 a doguwar tafiya. Mai fetur zai kashe naira 150,000. Mai lantarki zalla da ke caji da wutar layi zai kashe kimanin 63,000. Mai hayibrid da ke jona motarsa kowane dare zai biya 42,000 na wuta da 32,500 na fetur, jimilla 74,500.

Abu biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na farko, dukansu biyun sun rage kuɗin mai da rabi ko fiye. Na biyu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai naira 12,000 a wata ba. Saboda haka rangwamen kuɗin mai kaɗai bai isa ya sa mutum ya fifita lantarki zalla a kan hayibrid mai caji ba.

Amma kowacce tana da ramin da ke haɗiye ribarta. Ramin mai lantarki zalla shi ne janareta. Ƙaramin janaretan fetur yana ba da kimanin yunit biyu a kowace lita. Yunit 20 ke nan sai an ƙona lita 10, daidai da abin da jif mai fetur za ta sha a wannan nisa, ga hayaƙi da ƙara da gyaran janareta a kai. Wanda zai dogara da janareta don cajin mota ya sayi tsada ne kawai.

Ramin hayibrid kuwa shi ne kasala. Idan ba a jona ta, ta zama motar fetur mai ɗauke da nauyin batirin da ba ya aiki, kuma a lissafinmu za ta sha kusan naira 100,000 a wata. Turawa ma sun faɗa wannan rami. Wani rahoto da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a watan Maris na 2024, bisa bayanan da aka tattara daga motocin da ke kan titi, ya nuna hayaƙin da waɗannan motoci ke fitarwa ya ninka na gwajin kamfani sau uku da rabi, domin masu su ba sa yi musu caji yadda aka zata.

Sai batun sola, wadda ita ce ke iya sauya lissafin gaba ɗaya a wannan yanki mai yalwar rana. Kowane kilowat ɗaya na farantan sola yana ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini. Faranti shida masu wat 500 za su samar da abin da ya isa tafiyar kilomita 50 zuwa 60 kullum. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a ajiye kusa da farantan da rana tsaka. Wannan ya dace da ɗan kasuwar da ke yini a shago ko sito. Ma'aikacin da motarsa ke yini a harabar ofis kuwa sai ya ƙara sayen batiran gida da za su adana wutar zuwa dare, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. A lokacin hunturu ƙura kan rage ƙarfin farantan, sai ana goge su a kai a kai.

A ƙarshe dole a raba bambancin farashin saye da abin da ake ragewa a shekara. Idan sabuwar motar ta fi takwararta mai fetur tsada da naira miliyan 10, kuma tana rage maka miliyan ɗaya a shekara, shekara goma za ka yi kafin ka fanshe. Wanda ke yawan tafiya zai fanshe da wuri. Wanda motarsa ke fita daga gida zuwa masallaci da kasuwa kawai, zai daɗe.

Nisan hanya

Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa da ƙasar Shanga zuwa Koko da Jega ita ce jijiyar kasuwancin yankin. Ta nan albasa da busasshen kifi da shinkafar Yauri ke fita. Daga Yelwa zuwa Kontagora kimanin kilomita 110 ne, zuwa Birnin Kebbi kimanin 200, zuwa Sakkwato wajen 300, Abuja kuwa ta haura 400.

Nisan da kamfani ya rubuta a takarda ba shi ake samu a kan titi ba. Gudu sama da kilomita 100 a awa, da na'urar sanyaya mota, da kaya a but, suna iya cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Motar da aka ce tana yin 420 a ɗauke ta a matsayin mai yin 300 zuwa 330. A kuma lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi: na ƙasar Sin ya fi na Turai sassauci, na Turai kuma ya fi na Amurka. Mota ɗaya tana iya ɗaukar alƙaluma uku daban-daban, kuma dillali mafi girman zai faɗa maka.

Da wannan ma'auni, zuwa Kontagora da dawowa yana yiwuwa a caji ɗaya. Ma'aikacin da aka kira taro a Birnin Kebbi zai isa lafiya, amma ba zai dawo ba sai ya sami inda zai jona motar na tsawon awanni. Sakkwato tana bakin iyakar batirin. Abuja kuwa sai an kwana a hanya. Tashoshin caji mai sauri, waɗanda ke cika yawancin batir cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, sun fi taruwa a Legas da Abuja. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, daga baya ta ƙara wasu a jami'o'in Legas da Nsukka, amma waɗannan na gwaji ne. Matafiyi kada ya ɗora tafiyarsa kan tashar da bai kira ya tabbatar tana aiki ba.

A wannan yanki maganar ta wuce ɓata lokaci. Matafiya a hanyoyin Kebbi ta Kudu da arewacin Neja sun daɗe da koyon isa masauki kafin faɗuwar rana saboda 'yan bindiga. Wanda fetur ya yanke wa zai sami galan ko a wajen 'yan bumburutu. Wanda batir ya yanke wa sai motar janwe. Hayibrid mai caji, da cikakken tanki da cikakken batir, tana yin kilomita 700 ko fiye ba tsayawa. A nan ne ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau.

Zafi da ruwa da ramuka

A watannin Maris da Afrilu zafin Yauri kan haura digiri 40. Batirin litiyom ba ya son haka, musamman idan a cike yake kuma an ajiye shi a rana. Darasin da aka koya a jihar Arizona ta Amurka a 2012 ya isa misali: masu Nissan Leaf na farko, wadda batirinta ba shi da na'urar sanyayawa, sun ga ƙarfinsa ya ragu da wuri. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko batirin yana da tsarin sanyaya da ruwa. Ta biyu ita ce irin sinadarinsa. Nau'in LFP, wanda kamfanonin Sin irin BYD suka fi amfani da shi, ya fi jure zafi kuma yana karɓar a cika shi fal. Nau'in da ke ɗauke da nikel da kobalt ya fi son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80 a zirga-zirgar kullum. Rumfa ko inuwar bishiya tana ƙara wa kowanne kwana.

Game da ruwa, batirin a rufe yake ruf, kuma ruwan sama ko ƙaramin kududdufi ba sa cutar da shi. Haɗarin yana ga motar da ta nutse ta kwana a ruwa, abin da mazauna bakin tafki da fadamun Kwara suka san yana faruwa idan ambaliya ta zo, kamar ta 2020. Bayan guguwar Ian ta afka wa jihar Florida a 2022, an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga suna kama wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Wannan ya shafi mai sayen ta hannu a nan gida, domin da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga gwanjon Amurka masu haɗari ne ko waɗanda ruwa ya ci, aka gyara jikinsu suka yi kyau.

Sannan ba kowace jif ce ta daji ba. Yawancin masu lantarki na birni ne, kuma abin da ya fi komai tsada a jikinsu yana ƙasa, daidai inda dutse ko bakin rami zai daka. Wanda aikinsa ke kai shi hanyoyin burji na ƙauyukan Ngaski da Shanga da damina ya duba tsayin motar daga ƙasa, ya tambayi ko akwai farantin kariya a ƙarƙashin batirin. Nauyinsu kuma ya fi na takwarorinsu masu fetur da ɗaruruwan kilo, abin da ke sa taya da kayan ƙafa saurin gajiya a mummunar hanya.

Wa zai gyara?

Mai lantarki zalla ba ta buƙatar juyen baƙin mai ko sauya fulogi ko gyaran salansa, birkinta ma yana daɗewa saboda motar na rage gudu da injin lantarkinta. A wannan fanni ta fi kowacce sauƙin riƙo. Amma ranar da ta nuna jar alama a allo, makanikin da ya ƙware a Hilux da Corolla ba shi da abin yi. Batirin yana ɗauke da bolt 300 zuwa 400 ko fiye, kuma wayoyinsa masu launin ruwan lemo suna iya kashe wanda ya taɓa su ba da sani ba. Sai an ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja ko Legas, kuma kayan gyaran na iya ɗaukar makonni kafin su iso.

Hayibrid mai caji tana ɗauke da nauyin gida biyu. Tana buƙatar duk hidimar injin fetur, ga kuma ɓangaren lantarkin da shi ma sai ƙwararre. Injinta na zamani ba ya jure gurɓataccen mai, irin wanda ya shigo ƙasar a watan Fabrairun 2022 ya lalata motoci da dama. Idan kuma aka daɗe ana tafiya da lantarki kaɗai, fetur ɗin da ke tanki kan tsufa, don haka gara a riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Abin da ke taimaka mata shi ne, idan ta Toyota ce ko Mitsubishi, kayan ƙafa da na inji da yawa ana samunsu a kasuwannin Kano da Kaduna, kuma masu gyaran hayibrid sun fara yawaita a manyan birane.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya nemi a jona na'urar bincike a gabansa ta nuna lafiyar batirin. Idan ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100, ko dai farashi ya sauko ƙwarai ko a haƙura. Kamfanoni da yawa suna ba batir garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, amma garantin ba ya bin motar da aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa zuwa ƙasar da kamfanin ba shi da wakili. A binciki tarihin motar da lambar shasi. A duba bakin cajinta, domin na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban, na Japan daban, kuma ba kowace tasha ke karɓar kowanne ba. Wasu motocin da aka ƙera don kasuwar Sin allonsu da harshen Sinanci yake. A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki, sai mai shigo da mota ya tabbatar da rukunin da kwastan za su sa tasa kafin ya yi oda.

Akwai wata fa'ida da ya kamata a tambaya. Wasu daga cikin motocin nan suna iya mayar da wuta waje. Atto 3 tana ba da kimanin kilowat 3, Outlander tana da soket mai wat 1,500. Gidan da ke cin yunit biyar a dare wajen fanka da fitila da firji zai yi kwanaki yana sha daga batir mai yunit 60. Ga mai sayar da ɗanyen kifi ko magani, wannan na iya ceton haja ranar da aka ɗauke wuta.

Wacce ta dace da wa?

Ƙasashen da motar lantarki ta samu karɓuwa sun fara ne da wutar da ba ta yankewa. A Norway, inda kusan duk lantarkin daga madatsun ruwa yake, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki zalla ne. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, tana dogaro da babbar madatsarta ta Kogin Nilu. A ƙasar Sin ma, wadda ta fi kowa tashoshin caji, cinikin masu haɗa fetur da caji ya yi tashin gwauron zabi a shekarun nan, musamman wajen masu doguwar tafiya.

Ga mutumin Yauri, lantarki zalla za ta yi wa wanda ya cika sharuɗɗa uku: yana da sola mai ƙarfi ko layin wuta mai tabbas, yawancin tafiyarsa ba ta wuce kilomita 100 daga gida, kuma akwai wata motar a gidan da za a ɗauka idan tafiyar Sakkwato ko Abuja ta taso. Irin wannan mutum zai more ta, kuma zai manta da layin gidan mai.

Hayibrid mai caji ta fi dacewa da mai mota ɗaya tilo, wanda ke zirga-zirgar gari a ranakun aiki amma ba ya rasa zuwa Birnin Kebbi ko Kontagora ko Kano a wata, kuma yana da soket da zai jona ta akalla sau huɗu ko biyar a mako.

Wanda kuwa yake gidan haya, ba shi da wurin jona mota, ko unguwarsu na ganin wuta awa uku a rana kuma ba shi da niyyar sa sola, kada ya biya kuɗin batirin da ba zai cika ba. Hayibrid ta asali, wadda ba ta buƙatar soket, za ta rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku na man da yake saye, a farashi mai sauƙi.

Hanyar gane rukunin da mutum yake ba ta da wuya. Ya sami ɗan littafi, ya yi wata guda yana rubuta abu biyu kowace rana: kilomita nawa ya yi, da awa nawa aka bar wuta a gidansa, musamman da dare. A ƙarshen wata ya duba rana mafi nisan tafiya da mako mafi ƙarancin wuta. Motar da za ta iya fitar da shi a waɗannan ranaku biyu ita ce tasa, domin iya ruwa fidda kai. Da wannan littafi a hannu ya kamata ya je wajen dillali.